Igiyar Awon Gado

A shagon kayan jarirai, wani sabon uba yana durƙushe, yana gwada igiya a ƙafar kowane ƙaramin gado. Wata dattijuwa da ta shigo sayen tawul ta tsaya kallonsa.

"Ɗan nan, gado za ka saya ko akuya za ka ɗaure?"

Ya yi dariya. "Tsayin gadonmu na auno, Mama. So nake su zo daidai, in jingina shi gefen maijego."

"Na fari ne?"

"Na fari. Ga ni da mugun barci, juyi da shure-shure. Ta ce in babu gadon jariri, falo zan koma."

"Allah sarki! Mu ma mun sayi irinsa. Yaron ya ƙi shi ƙememe, sai jikina. Wanki muka riƙa tarawa a ciki."

Ya ɗago kai ya dube ta. "To, Baba fa?"

"Falo mana. Yaron har ya yi aure, shi kuwa yana nan, wai can ya fi iska."

Ya naɗe igiyarsa a hankali.

"Mai shago, ɗauko min wannan. Kuma don Allah, ina ake sayar da doguwar kujera mai laushi?"