Ɓawon Ayabata, Ruwan Asabe

Salamu alaikum mai gabatar da shirinmu na rediyo, sannu da aiki. Ni ce Iya Hadiza mai gasa ayaba a unguwar New Bell. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Tun da kiriz ta shigo, wato matsin tattalin arziki, aka yanke mana famfo, ruwan rijiya muke sha. 'Yar maƙwabciyata Asabe tana jami'a. Ta auna ruwan, ta ce akwai gubar dalma daga wajen masu fasa tsohon batir, wai tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Kullum sai ta zo, "Iya, a ba ni ɓawo." Na ɗauka na akuya ne. Ashe shanyawa take, ta daka, ta tace wa uwarta ruwa, wai garin yana kama gubar. Da ɓawona fa.

Yanzu Asabe har cewa take, "Mu dai ruwanmu na likita ne." Ni na zuba ɗanyen ɓawo a randa, ruwan ya yi wari. Duk sanda jikokina suka ɗaga moɗa, sai in tuna da gubar nan.

Don Allah ku bayyana yadda ake yi, don ba zan roƙi Asabe ba. Ina gaishe ta, na san tana ji. Ɓawo kuwa daga yau, sai an zo da bayani.