Maigidana ya ce "Duk inda aka tura ni"

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Sunana Rabi, daga Waca.

Maigidana tsohon soja ne, an sallame shi bayan ya ji rauni a ƙafa. A littattafan da nake karantawa, soja yana dawowa gida sai labari ya ƙare da murna. Namu nan ya fara.

Ya je wani buro, wato ofis, a Magarya da ke nema wa tsofaffin sojoji aiki. Mutumin buron ya tambaye shi, "Malam, wane aiki kake so?" Sai ya miƙe, ya ƙame kamar a gaban shugabansa na soja, ya ce, "Duk inda aka tura ni, shef." Aka ba shi gadin wani magaza, ɗakin ajiye kaya, aikin tsayuwa wuni guda. Ƙafar ta kumbura, ya bari.

Alhali gyaran famfon ruwa yake so, kuma buron na koyarwa. Na ce, "Haba maigida, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Rabi, soja ba ya zaɓe."

Ran Litinin za su rufe ɗaukar masu koyo. Na ce in raka shi in yi bayani. Inna, uwarsa, ta ce, "Ke ƴar nan, a ce matarsa ce bakinsa?"

Masu sauraro, in je ko in zauna? Ku kuma ma'aikatan buro, in tsohon soja ya ce muku ko'ina, don Allah ku ba shi kujera ku sake tambaya.