Zabin Maigidan Otal

A tashar Karaye na ji su: wani tsoho rungume da zabi biyu da suka sha hanya, da wata mata mai jiran motar Rogo.

"Baba, da zabi ake dawowa daga Kano?"

"Ɗana Sabi'u ne ya samu aiki a tsohon otal ɗin nan na zamanin Turawa. Na kai wa maigidan, in damƙa masa amanarsa."

"Ka same shi?"

"Na ga tafkin wanka, na ga ɗakuna masu sanyi. Na tambayi maigida, aka nuna mini hoto a bango. Wai ya rasu ban ma yi wayo ba."

"Magadansa fa?"

"Wai na kamfani ne, masu shi ba sa ko zuwa. Baiwar Allah, to a hannun wa na baro yaron nan?"