Na'urar Hauwa ta san iyakar gona

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki, kai da masu sauraro. Ni ne Malam Sani manomi, daga wani ƙauye kusa da Zakirai.

'Yata Hauwa malamar jami'a ce. Shekara bakwai tana fama da wata na'ura mai tayoyi, wai sai ta koya mata gane hanya da kanta kamar mutum. A shekarun nan na tsada da yajin aiki, mutane suka yi ta cewa boko ya taɓa ta. Maƙwabcina Alhaji Ado ya fi kowa surutu, domin bara na'urar ta faɗa gonarsa ta tattake masa wake.

Sai Hauwa ta tambaye ni: "Baba, kai yaya kake sanin iyakar gonarka?" Na ce: "Daga gawo nake farawa, in bar tsohuwar rijiya a hagu, in na iso gamba in tsaya." Ta rubuta, ta koma bakin aiki.

Ranar Asabar, a gaban jama'a, na'urar ta bi kunyar gonata, ta kewaye rijiya, tana zuwa gamba ta tsaya cak! Mata suka rangaɗa guɗa. Hauwa ta ce nan da shekara goma, in Allah ya yarda, na'urar za ta riƙe gonakin ƙauyenmu duka a kai.

Ina gaida Alhaji Ado. Alhaji, ƙarfe ma ya san iyaka, saura kai. Gambar nan da ka matso da ita cikin gonata, ka mayar da ita wurinta.