Wanda Ya Tsayar da Titi

A tashar bas na ji su, wani direba da wata dattijuwa, ranar da aka rufe titi saboda gasar gudu.

Direban ya ce, "Mama, ai masu gudun sun wuce tun ɗazu. Wa kuma ake jira?"

"Maigidana ake jira, ɗana."

"Shi kaɗai ya tsayar da mu?"

"Shi kaɗai. Bara waccan ni ke juya shi a gado, ɓarin jikinsa ya shanye. Ko cokali ba ya riƙewa."

"Subhanallahi! Ba kya tsoron ya faɗi?"

"Ya faɗi mana! Sau nawa ya faɗi a tsakar gida? Ko sau ɗaya bai yarda na ɗaga shi ba."

"To matsa min in tsaya, Mama. Wace riga ya sa?"