Lambar sirrina tana wayar Baba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sadisu, ɗan Haɗeja, ina karatun injiniya a Indiya.

Abokai ne suka matsa mini in tsaya takarar sakataren ƙungiyar ɗaliban Afirka. Ranar rufe rajista na buɗe shafin makaranta, sai aka ce an tura lambar sirri zuwa layina na gida. Layin kuwa yana wayar Babana, lambar kuma minti ɗaya take yi ta mutu.

Na kira shi yana fadama ana dashen shinkafa. Na ce, "Baba, a karanto mini lambar da ta shigo." Ya ce, "Kai, babu gaisuwa?" Kafin mu gama gaisawa lambar ta mutu. Da aka turo ta biyu, ya ce tabaransa yana gida. A ta uku sabis ya ɗauke. Shafin ya kulle ni kwana biyu, takara ta wuce ni. Wallahi kamar in yi kuka!

Jama'a, yaya ake sauya layin nan daga nesa? Rajistar jarrabawa tana tafe, kuma a lokacin Baba zai kasance yana tsakiyar girbi.