Wayar Ba Ta San Ni Ba

A tashar Kwanar Dangora, wata mata da wani mutum suna zaune cikin motar Kano da ta ƙi cika. Matar sai latsa waya take tana tsaki.

"Hajiya, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Malam! Shekara uku ina duba masu ciwon damuwa a Tudun Wada. Na tambayi AI ɗin nan ina ake samun mai irin aikina, wai sai Kano!"

"Ai abin da aka rubuta yake karantawa. Ki sa waɗanda suka warke su yaba miki a intanet."

"Da sunansu? Mutanen da ke shigo min ta ƙofar baya?"

"To ga shi kina asara. Ni ma ɗan Tudun Wada ne, AI ɗin ne ya tura ni Kano. Zuwana na biyar ke nan."

"Wurin likitan damuwa?"

Ya leƙa ta taga. "Direba, wai sai yaushe ne?"

"Malam, da ya nuna maka wurina, za ka zo?"

"Ai na san wurin. Mai koriyar ƙofa, bayan kasuwa." Ya gyara hula. "Kowa ya san babur ɗina, Hajiya."